Neman shawara: ɗiga sifirit a gaɓoɓin gudumar fiyano

Mai tambaya: Assalamu alaikum, manyanmu a wannan sana'a. Ni ɗan koyo ne, kuma an kawo mini wani tsohon fiyano na tsaye wanda ya daɗe ajiye a ɗaki mai danshi. Cikin maɓallansa 88, kusan 20 idan an danna su guduma takan bugi waya, amma sai ta dawo da ƙyar, wasu ma su maƙale a hanya. Da na cire injin, wato jerin gudumomin da ke cikinsa, na duba, sai na ga matsalar tana gaɓar da guduma ke juyawa a kai, inda siririn fil ya ratsa ƙyallen ulu. Na ji ana cewa idan aka ɗiga sifirit a wurin yakan saki. Shin gaskiya ne, kuma zallansa ake sawa ko ana sirka shi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya ne, amma ka fara sanin cewa ruwan da aka sirka a ciki shi ne ke yin aikin, sifirit kuwa ɗan rakiya ne da ke kai shi cikin ulun, sannan ya taimaka masa ya bushe da wuri. Idan ruwa ya shiga, ulun yakan kumbura, kuma da yake fil ya tokare shi ta ciki, katako ya tokare shi ta waje, sai ya matse kansa. Bayan ya bushe sai ya koma ya bar wa fil sarari. Saboda haka yawan ruwan shi ne ƙarfin maganin. Ni nakan fara da kashi 1 na ruwa cikin kashi 4 na sifirit, ɗigo guda a kowane gefe da sirinji. Kada hankalinka ya tashi idan ka ga gaɓar ta ƙara tauri nan take, haka take yi. Ka bar ta ta kwana, ko ka busa mata iska mai ɗumi, sannan ka riƙe gindinta ka saki gudumar ta yi lilo. Idan ta yi lilo kamar sau 5 zuwa 7, kana ƙirga zuwa daban dawowa daban, ta yi daidai.

Amsa ta biyu: Malam ya yi bayani, sai dai ina roƙon a duba launin wurin tukuna. Idan akwai wani kore-kore mai danƙo a bakin fil, to ba danshi ba ne kaɗai. Maiƙon da aka taɓa sa wa katakon ne ya haɗu da ƙarfen fil ya haifar da shi, kuma an fi saninsa a tsofaffin fiyanon kamfanin Steinway na Amurka. Na taɓa wanke irinsa da sifirit, ya saki har na yi murna, bayan 'yan watanni ya dawo yadda yake. Maganinsa canza kayan. Haka nan gaɓoɓin Teflon, wato wani nau'in roba, da kamfanin ya yi amfani da su daga 1962 zuwa farkon shekarun 1980, babu ulu a cikinsu balle ya matse.

Amsa ta uku: Ni dai, da girmamawa ga manya, na fi son sake fil, domin sifirit ba ya bin kowace gaɓa daidai da matsalarta, kuma wadda ta saki fiye da kima sai guduma ta riƙa karkata tana bugun waya a gicciye. Idan kuma za ka sa, ka guji nau'in metanol, guba ne da ke shiga ta fata da numfashi. Ka buɗe tagogi, ka nisanci wuta, kuma kada ya ɗiga a jikin fiyanon, yana narkar da wasu nau'o'in fenti. Ruwan ma yana sassauta tsohon gam.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na duba, babu koren, ulun ja ne tsaf. Zan gwada a guduma 3 kawai a daren nan, gobe in ƙirga lilonsu kafin in taɓa sauran.