Sun hana ni kwantiragin waya a Jamus, ina mafita?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a Jamus. Ni ɗalibi ne, na zo digiri na biyu a Magdeburg a zangon nan na hunturu. Har yanzu layina na gida ne a cikin wayata, sai intanet ɗin gidan kwanan ɗalibai. Da zarar na fita ƙofa shi ke nan, ba taswira, ba jadawalin jirgin ƙasa, ba WhatsApp. Wayar ma ta gaji, cajinta ba ya kai la'asar.

Shekaranjiya na shiga shagon wani kamfanin waya a cikin gari. Mai shagon ya nuna min tsarin yuro 45 duk wata har wata 24, da sabuwar waya da zan ɗauka a kan yuro 1 kacal. Na ba shi fasfo, da takardar rajistar adireshi wato Anmeldung, da lambar IBAN ta asusuna. Ya shigar da komai, muka ɗan jira, sai ya juyo min da fuskar kwamfutar ya ce an ƙi. Na tambayi dalili, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ne mai yanke hukunci ba, wataƙila SCHUFA ce. Wallahi abin ya sosa min rai, don ko sisin kowa ban taɓa ci a ƙasar nan ba.

Mece ce wannan SCHUFA, kuma me ta sani a kaina? Sannan akwai wani ɗan'uwa a gidanmu da ya daɗe a nan, ya ce zai buɗe kwantiragin da sunansa, ni kuma in riƙa tura masa kuɗin duk wata. In karɓa? Allah ya saka da alheri.

Yayarku ta Bremen:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da zuwa, ya sanyi? Ka kwantar da hankalinka, ba a rubuta maka wani laifi ba. SCHUFA kamfani ne mai zaman kansa, hedikwatarsa na Wiesbaden, tun 1927 yake tattara bayanan yadda mutane ke biyan bashi. Bankuna da kamfanonin waya suna leƙa can kafin su amince da mutum, masu gidajen haya kuma sukan ce ka kawo musu takardarta. Kai matsalarka ita ce ba su san ka ba. Sabon adireshi, sabon asusu, biza mai gajeren wa'adi, ga shi kana neman wayar da kuɗinta ya kai ɗaruruwan yuro. A wurinsu kwantiragi mai haɗe da waya bashi ne, kuma babu mai ba baƙon da ya sauka jiya bashin shekara biyu. In kana son ganin abin da ke rubuce a kanka, doka ta ba ka damar neman kwafin bayananka kyauta. A shafinsu ka nemi Datenkopie, kada ka danna na kuɗin da suke sawa a gaba.

Ni a ganina ma alheri aka yi maka. Ɗauki biro ka lissafa: 45 sau 24, yuro 1,080 ke nan, ban da kuɗin buɗe layi da yakan kai kusan yuro 40. Wayar da aka ce yuro 1 ce, kuɗinta na cikin wannan lissafin, an dai rarraba shi ne yadda ba zai yi zafi a ido ba. In da rufaffen asusun nan na ɗalibai ka zo, wato wanda ake zuba kuɗin shekara a ciki don neman biza, yuro 992 suke sakar maka a wata. Cire haya, cire inshorar lafiya da ta haura yuro 100, cire cefane, ka ga abin da ya rage kafin ka ɗaura wa kanka wani nauyi. Kuma kuɗin kai tsaye ake zara daga asusunka. Ranar da suka zo zara suka tarar babu, banki ya mayar, sai a ɗora maka kuɗin tara a kai.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka sayi layin kati, irin wanda muka saba a gida, ka loda ka yi amfani. Ba ruwansa da SCHUFA. A kantin Aldi akwai Aldi Talk, yana tafiya a kan sabis ɗin O2. A Lidl akwai Lidl Connect, shi kuma a kan Vodafone. Congstar na Telekom ne. Katin yana rataye kusa da wurin biyan kuɗi, kusan yuro 10, kuma kuɗin yakan dawo maka a cikin layin. Ka tambayi maƙwabtanka wane sabis ne ya fi kamawa a cikin ɗakunanku, don wasu gine-ginen nan masu kaurin bango sai ka tsaya bakin taga kake samun magana.

Sai dai tun watan Yulin 2017 ba a kunna layin kati sai an tantance mai shi. Ko dai ta kiran bidiyo, ka ɗaga fasfo kana juya shi a gaban kyamara suna duba tambarin da ke ƙyalli, ko ka je gidan waya da takardar da za su turo maka, ma'aikaci ya duba da idonsa. Na bidiyon wani lokaci ba ya karɓar fasfon wasu ƙasashe, don haka in ya yi maka gardama kada ka ɓata yini a kai, wuce gidan waya kawai. Ka kuma lura, tsarin data na irin waɗannan layukan na kwana 28 ne, ba wata cikakke ba, ke nan sau 13 za ka biya a shekara.

Baban Zango, Hamburg:

Yaro, abin da Hajiyar Bremen ta gaya maka ka riƙe shi. Ni maganar ɗan'uwan nan naka ce ta sa na tsoma baki. Kada ka yarda, kuma gobe in ka zama tsohon gari wani ya roƙe ka irin haka, kai ma kada ka yi.

Ni daga Kumasi na zo, na manyanta a garin nan, na ga abin da wannan taimakon yake haifarwa. Akwai wani yaro a masallacinmu, mai hankali, ya sa wa abokinsa hannu a kan waya mai tsada. Watannin farko lafiya lau. Daga baya abokin ya rasa aiki, ya koma wani gari, ya daina ɗaga waya. Wasiƙun gargaɗi suka fara zuwa da sunan yaron, shi kuma Jamusancinsa bai yi ƙarfi ba, yana jera su a kan firij ba tare da ya buɗe ba. Aka miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi, Inkasso, su ma suka ɗora nasu kuɗin. Bai san girman abin ba sai da iyalinsa za su zo, ya shiga neman gida, duk mai gidan da ya ga takardarsa ta SCHUFA sai ya ce an riga an bayar. Mu muka yi karo-karo aka biya. To ko an biya, tabon ba ya goguwa nan take, yakan iya kai shekara 3 yana nan.

Kai ɗin ma ba ka tsira ba in ka karɓa. Lambar ba taka ba ce a doka. Ran da kuka saɓa, ko ya bar ƙasar, lambar da ka ba banki da makaranta da ofishin baƙi tana hannunsa. Zumuncin da kuke yi yanzu ya fi wayar nan daraja, ku bar shi yadda yake.

Kuma duk wasiƙar da ta shigo akwatinka a ƙasar nan, buɗe ta ran da ta zo. Ba a kai sunan mutum SCHUFA haka kawai, a ƙa'ida sai an aiko masa gargaɗi a rubuce aƙalla sau biyu. In ba ka gane abin da ke ciki ba, ka kai wa wanda ya iya, ko ka je ofishin kare masu sayayya, Verbraucherzentrale, akwai shi a kowace jiha.

Mutumin Maraɗi:

Na yarda da Baba ɗari bisa ɗari. Amma Hajiya, a yi min haƙuri, kada mu tsorata yaron da kwantiragi gaba ɗaya. Ni direban kai kaya ne, yini nake a kan hanya da taswira a kunne, layin kati bai ishe ni ba, kuma kwantiragi marar waya yakan zo da data mai yawa a kuɗi kaɗan. Wayar ce ke kumbura lissafi. Akwai ma wanda ake iya sokewa duk wata, irinsa ya fi sauƙin samu ga sabon zuwa. Malam, ka jira katin izinin zamanka ya fito, asusunka ya ɗan yi tarihi, sannan ka nemi irin wannan. Lambarka ta layin kati za ka iya tafiya da ita, kuma kyauta ne.

Dokar ma ta yi sauƙi. Da, in ka manta ba ka soke ba, sai su sabunta maka shekara guda cur. Daga 1 ga Disamba 2021, in wa'adin farko ya cika, kana iya fita da sanarwar wata ɗaya. Daga Yulin 2022 kuma dole kamfani ya sa maɓallin sokewa a shafinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ta intanet ka ƙulla, kana da kwana 14 da za ka iya janyewa ba tare da ka faɗi dalili ba. In a cikin shago ka sa hannu, wannan damar babu ita. Shi ya sa ni ba na sa hannu a gaban mai shago, yana murmushi yana miƙo biro. Ka ce ya ba ka taƙaitaccen bayanin kwantiragin, dole ne ya bayar, ka je ɗaki ka karanta.

Masu cewa a ɗauki kwantiragi don a gina suna a SCHUFA kuma, kada ka dogara da wannan. A ƙarshen 2023 SCHUFA ta goge bayanan kwantiragin waya na miliyoyin mutanen da ke biya lafiya. Rashin biya ne ke bin mutum.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ba ɗan'uwan nan haƙuri, ya kuma fahimta. Gobe in sha Allahu zan sayi layin kati, wayar kuma zan nemi ta hannu in na tara. Saura abu ɗaya Yaya: layina na gida shi bankina ke turo wa lambar sirri, kuma shi Hajiyarmu ta haddace. Ya zan yi da shi? Kuma wane layi ya fi araha in zan kira ta? Ita ba ta amfani da WhatsApp.

Yayarku ta Bremen:

Kada ka cire shi. In wayarka mai layi biyu ce, bar shi a ciki amma ka kashe masa data, don yawon data da layin gida a nan yana cinye kuɗi cikin mintuna. Ka tabbata yana haɗe da NIN ɗinka, wato lambar shaidarka ta ɗan Najeriya, sannan ka riƙa sa wani a gida yana loda masa ɗan kati lokaci-lokaci, kai kuma ka tura saƙo ko ɗaya ne. Layin da ya daɗe a kwance kamfani na iya karɓe shi ya ba wani, kuma ka san hatsarin hakan ga asusun banki. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambar ko da datar layin Jamus kake hawa.

Kiran Hajiya kuma, mintunan da ke cikin tsarin wata na kiran cikin Jamus ne, Najeriya ba ta ciki, kuma farashin minti ɗaya zai ba ka mamaki. Duba Lebara ko Lycamobile, su ne aka sani da kiran ƙasashen waje, ka kwatanta farashin Najeriya a shafinsu kafin ka saya don yana canzawa. In ka je hutu Faransa ko Holan, layinka na Jamus zai yi aiki kamar kana gida, haka dokar Tarayyar Turai take tun Yunin 2017. Suwizalan ba ta cikin wannan dokar, to in jirginku zai ratsa ta can ka kashe data tun kafin iyaka.

Gobe in za ka gidan waya, ka tafi da fasfon kansa, ba hotonsa ba, kuma ka rubuta sunanka a fom daidai da yadda yake a fasfo, har da sunan tsakiya. Ka gaida Hajiya.