Jaririn Mace Mai Jiki Zai Iya Rasa Bitamin? Muhawarar Matan Agege

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau na dawo daga awo raina a jagule. Cikina wata biyar, ma'aikaciyar ta ɗora ni a sikeli, ta auna tsayina, sai ta ce ƙibata na iya sa jaririn ya zo da ƙarancin bitamin D. Ni da nake ci ina ƙoshi? Na ɗauka siririya ake ji wa tsoro.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. Tun kafin mu zo Ikko nake karɓar haihuwa. Mace mai jiki ita ke haifo ƙaton yaro, nono kuma a cike. Wadda ta bushe, idonta ya yi fari fat, ita ce abin tausayi. Ban yarda da wannan magana ba.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kun yi gaskiya a kan wadda idonta ya yi fari, ƙarancin jini ne kuma yana kisa. Amma girman jariri daban, abin da ke cikin jininsa daban. Bitamin D a cikin kitse yake narkewa. Idan kitsen jiki ya yi yawa sai ya riƙe shi, kaɗan ne ke yawo a jini. Shi kuwa ɗan tayi ba shi da wata hanya sai abin da ya ratsa mabiyiya daga jinin uwa. Kamar hatsi ne a rumbu an kulle, ga shi akwai, amma bai isa tukunya ba. Shi ya sa jinin cibiyar jariran mata masu ƙiba yakan nuna ƙasa da na sauran. Kuma nonon uwa, duk albarkarsa, bitamin D ɗinsa kaɗan ne, ba ya cike wannan giɓin shi kaɗai.

Maman Sadik: Anti, ai an ce daga rana ake samunsa. A Legas ɗin da rana ke gasa mu za a ce mun rasa? Wannan ciwon Turawa ne masu sanyi.

Anti Nas: Rana na nan, amma wa take taɓawa? Dubi gidajenmu, ɗaki na kallon ɗaki, taga ɗaya, ita ma ginin maƙwabci ya tare ta. Mai ciki takan wuni a ciki, in ta fita kuma cikin motar haya ta danfo take. Hasken da ya ratso gilashi ba ya sa fata ta yi bitamin ɗin. Baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci a rana fiye da fara. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 daban, matar da ke ɗaki daban.

Malama: Ina fata dai ba kan hijabi maganar za ta ƙare ba, don mun saba jin haka.

Anti Nas: Ko kusa, Malama. Tsakar gida ko bayan ɗaki inda ba maza, ta buɗe hannuwa da ƙafafu na ɗan lokaci, ya wadatar a matsayin ƙoƙari. Sitirarta na nan.

Maman Walid: Ni kemis nake tsaro, kuma ina tsakiya a wannan magana. Kada mu ɗora komai a kan bitamin D. A Jos an yi bincike kan yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, aka wallafa a 1999, aka ga yawanci ƙarancin kalsiyam ne, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a abincinsu, waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Yaron da aka yaye daga koko sai tuwon masara, ba nono ba kifi, ƙashinsa zai yi laushi ko uwarsa siririya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a ba kowace mai ciki bitamin D ba. Abin da ta dage a kai shi ne maganin ƙarin jini da bitamin ɗin da ake kira folik asid kullum. Ina ganin mata suna kwasar kwalabe masu tsada, ba gwaji ba komai, abin yana damuna.

Anti Nas: Ban musa ba. Sai dai yaran Jos sun yi wayo, suna tafiya. Muna maganar ɗan kwana bakwai ne, wanda bai ci komai ba sai abin da uwa ta ba shi. Idan abin ya yi tsanani kalsiyam ɗin jininsa na iya faɗuwa har ya yi jijjiga, a gida kuma a ce iska ce. A Ingila ana shawartar kowace mai ciki ta sha maikrogiram 10 na bitamin D kullum, a Amurka ana ba jariri mai shan nono ma'aunin IU 400 nasa a ɗigo kullum. Ƙasashe sun bambanta, amma duk sun san mai ƙiba tana cikin waɗanda aka fi sa wa ido.

Wanda ya fi tayar min da hankali ma folik asid ne. Shi ke taimaka wa lakar bayan ɗan tayi ta rufe, kuma tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da ciki ba. Mai ƙiba ta fi fuskantar haɗarin haifar jariri da buɗaɗɗen baya, irin wanda ake gani da ƙulli a gadon baya. Mu kuwa sai ciki ya fito muke zuwa awo, saboda kunya ko tsoron baki. Duk mai niyyar ƙara haihuwa ta fara sha tun kafin ta samu.

Hajiya Babba: Wannan ƙullin na taɓa gani, Allah ya raba mu da shi. Amma mu da muka haihu ba ƙwaya ko ɗaya fa?

Malama: Hajiya, ku a tsakar gida kuka yi daka da surfe, ga nonon shanu kullum. Mu a nan burodi da shayi da taliyar leda muka sa a gaba.

Maman Ilham: To ni yanzu in rage cin abinci ke nan? Wallahi har na fasa cin tuwon dare.

Anti Nas: A'a ƙanwata, ki ci tuwonki. Ba a ramar dole da ciki. Mai jiki irin naki ana so ta ƙaru da kilo 5 zuwa 9 a duk tsawon cikin, ba ta ragu ba. Lemon kwalba da yawan soye-soye za ki rage. Ki riƙa cin kifin titus da sadin da gwaiduwar ƙwai, ki sa ƙananan busassun kifi da ƙayarsu a miyar kuka, ga wake da alayyahu da zogale. Ki roƙa a duba miki sukari, don ƙaton jariri wani lokaci alamar sukarin ciki ne. Kada ki ƙara wa kanki ma'aunin bitamin, shi ma yana taruwa a jiki ya yi illa. Abin da aka rubuta miki a awo shi za ki sha.

Hajiya Babba: Kifi da zogale na yarda. Amma mai jego ba ta fita kafin arba'in, a nan nake tsaye.

Anti Nas: Ba sai ta fita unguwa ba, Hajiya, ƙofar ɗakinta ma ta isa. Maman Ilham, ranar awonki na gaba ki tafi da duk magungunan da kike sha a leda, a duba ko akwai bitamin D a ciki kafin ki sayi wani.