Famfon tsarki na hannu ya rage ƙarfi: daga ina ake farawa?

Hajiya: Assalamu alaikum. Masana, idan famfon tsarki na hannu ya koma ɗiga-ɗiga alhali tanki cike yake, me ake fara dubawa?

Oga Falamba: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kar a yi gaggawar sayen sabo. A rufe ƙaramin bawul ɗin jikin bango, a kwance kan famfon daga tiyo, a sa bakin tiyon cikin bokiti, sannan a buɗe. In ruwa ya fito da ƙarfi, laifin kan ne. In ya fito a sanyaye, a cire tiyon a gwada bawul shi kaɗai. Sau da yawa yashin burtsatse ne ke toshe 'yar ragar da ke mahaɗa. A zaro ta, a goge da tsohon buroshin haƙori.

Malama: Ƙari kan bayanin Oga, a duba ƙofofin kan. In an ga farin abu ya daskare kamar kanwa, gishirin ruwa ne. A haɗa khal (ruwan tsami da ake kira vinegar) da ruwa rabi da rabi, a jiƙa kan na awa ɗaya, a tsokale ƙofofin da tsinken sakace. Ban da allura, tana buɗa ƙofa ruwa ya riƙa fita a karkace.

Injiniya: Allah Ya saka. Amma akwai gidajen da ko me aka wanke ba za a ga canji ba, domin matsalar tsawon tanki ce. Kowace mita 10 tsakanin saman ruwa da bakin famfo tana ba da kusan bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne). Tankin da ya ɗara famfon da mita 3 kacal, bar 0.3 yake bayarwa, kuma ƙananan ƙofofin nan ba sa fesawa da irin wannan. Shi ya sa banɗakin saman bene ya fi na ƙasa wahala. Ko a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa a bututun da ya fito daga tankin. In kuma ruwan na fita yana tari bayan tanki ya ƙafe, iska ce ta shiga. A buɗe duk famfunan gida har ta fita.

Hajiya: To Injiniya, in an sa injin, tiyon ba zai fashe ba?

Injiniya: Zai iya, ranki ya daɗe. A tsayar da ƙarfin tsakanin bar 2 da 3. Ƙarfen da ake gani a jikin tiyo rufi ne kawai, siririyar roba ce a ciki. Don Allah a riƙa rufe bawul ɗin bango bayan amfani, a matsa kan sau ɗaya ruwan ciki ya fita, musamman da dare ko in za a yi tafiya.

Oga Falamba: Wajen mayarwa, farin tef na zaren bawul ne mai shiga bango. Mahaɗar tiyo robar ciki ce ke tare ruwa; a ɗaure da hannu, a ɗan ƙara da sifana. Matsewa da yawa na tsinka robar. In ana yoyo a nan, ita za a canza.

Malama: A kuma rataye kan a maƙalinsa, kar ya taɓa ruwan masai, don in ruwa ya ɗauke bututu na iya zuƙo ƙazanta. Raga a wanke duk wata, tanki duk wata shida.