Me za mu kira mazubin da ake haɗa taki a gida?

Jama'a ina neman taimakonku a kan wata kalma. Abin nan da Turawa ke kira compost bin, wato mazubin da ake tara ɓawon dankali da na ayaba da ganyen da aka share a tsakar gida da kashin kaji, a bar su su ruɓe su koma taki don ɗan lambun bayan ɗaki. Shi takin ba matsala, muna da takin gargajiya tun kaka da kakanni, jakai sun sha ɗaukarsa a mangala daga cikin birnin Kano zuwa gonakin kewaye. Sunan mazubin ne ya tsaya min a rai, don na lura sunan da ka ba shi shi ke sa mutum ya zaɓi mazubi mai kyau ko marar kyau.

Da na tambayi Baba cewa ya yi ai juji ne, me ake wani nema. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, amma juji komai ake watsa mishi, leda, tsohon batir, fasasshiyar kwalba, kuma ba mai juya shi ba mai ba shi ruwa. Haka kwandon shara, ranar da ka kira shi haka yara sun samu wurin zubar da famfas.

Wata ƴar uwa daga Maraɗi ta ce su kwamfos kawai suke cewa, sai su ce ramin kwamfos. Ba laifi in rami ne, toh amma mai gidan haya da aka shafe tsakar gidan da siminti ina zai haƙa rami?

Randar taki na so ta da farko, sunan da daɗi a baki, sai na tuna abin da ya same ni shekarar da na fara. Bokitin fenti na samu mai murfi, ban huda shi ko'ina ba, na dinga zuba ɓawo da ragowar ganye ina rufewa ruf, bayan sati biyu na buɗe wallahi sai da na ja da baya, baƙin ruwa ya kwanta a ƙasa ga wari kamar kwata ta toshe. Iska ce babu. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, masu cin kayan nan suna mayar da shi taki numfashi suke, in ka toshe su sai wasu iri masu sa ɗoyi su karɓi aikin. Duk wanda ya ji randa ruwa zai tuna, abin da ba ya yoyo, mu kuwa mai yoyo muke so. Rumbun taki ma an kawo, amma rumbu an gina shi ne don kada abu ya ruɓe.

Yanzu durom ɗin roba nake amfani da shi, shuɗin nan mai cin lita 200, na sa an huda min gindinsa da jikinsa da zafaffen ƙarfe, na ɗora shi kan bulo uku. Na ƙarfe yana tsatsa, akwatin katako kuma gara ba ta barinsa a nan wajenmu, sannan a tambayi mai sayarwa me aka taɓa zubawa a ciki, in maganin ƙwari ne a bar mishi kayansa. Ina zuba ɗanyen ɓawo in bi shi da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa, duk sati in juya, da hunturu in yayyafa ruwa har in na damƙa hannu ya yi laima amma kar ya ɗiga. Kwana kaɗan in ka tura hannu tsakiya ɗumi za ka ji sosai. Nama da mai ba na sawa, ɓeraye suke kira. Wata biyu zuwa uku ya yi baƙi yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Wannan ɗumin ne ya tuna min yadda masu ayaba da mangwaro ke nuka kayansu, a lulluɓe a ba shi lokaci ya nuna. Shi ya sa nake ganin mu ce manukin taki, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi. Wani malami ya ce maruɓa ta fi daidai, irin su marina da majema, kuma a nahawu ban ja da shi ba, sai dai ba na jin akwai matar gidan da za ta yarda a ajiye mata maruɓa kusa da madafa. Manuki ya shafi durom, ya shafi tsohuwar randa da ta tsage, har irin gangar nan ta Turawa da ake ɗorawa kan ƙarfe ana wulwulawa kamar ta masu suyar gyaɗa.

Ni dai na fara faɗa a gida, jiya ma na ji ƙaramar ɗiyata tana cewa yayanta ya kai ɓawon kankana manuki. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in akwai tsohuwar kalma a bakin dattawanku ku kawo ta, zan ajiye tawa.