Malaman kiɗa da iyayen yara a Amurka: yaya Maris zuwa Yuni ke zo muku?

Malamin kiɗa, jihar New York:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata tara ke nan ina koyar da kiɗa a wata sakandaren gwamnati, ni ne kuma mai tsayawa gaban yara da 'yar sanda in za su yi wasa. Da ƙanƙara ta fara narkewa a Maris, iyalina sun san sai ƙarshen Yuni za su sake ganina sosai. Ina so in ji yadda sauranku ke ciki.

Ga nawa. Muna farawa da wasan kwaikwayon makaranta mai waƙe-waƙe, makaɗa na zaune a ƙasan dandali, makon ƙarshe atisaye har tara na dare. Kafin mu huce sai gwajin NYSSMA, ƙungiyar malaman kiɗa ta jiharmu. Yaro zai shiga ɗaki gaban alƙali ya busa abin da ya shirya, sannan a miƙa masa rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba, a ce bismilla. Mataki shida ne, kuma na shidan ne ƙofar shiga ƙungiyar zaɓaɓɓun jiha. Jama'a sanda kawai suke gani a hannuna. Amma abin da ke cin darena takardu ne: izinin iyaye, neman bas, kuɗin rajista, da samo wa alƙali ainihin littafin kiɗan, don ba a karɓar fotokwafi. Jiya da sha ɗaya na dare ina zaune a ƙasa ina manna abin toshe ramin wata sarewa, don mai ita na da gwaji ranar Asabar, gidan gyara kuma sun ce sai bayan mako uku.

Wata uwa daga Bronx, birnin New York:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lada. 'Yata kilarinet take busawa, wata irin sarewa ce ta Turawa. A 2024 azumi ya kama tun 11 ga Maris, ya haɗu da wasansu, ita kuma ta ce ba za ta ajiye ko ɗaya ba. Wanda bai sani ba, akwai ɗan siririn gora da ake ɗaurawa a bakin kilarinet, sai ya jiƙa yake ba da sauti, yara kuwa a baki suke jiƙa shi. To mai azumi da la'asar ina ta ga yawu? Tana busawa abin na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta dawo gida tana hawaye. Na yi ta shawarar ko in je makarantar, ina jin nauyi. Ashe malamar ta lura. Ba musulma ba ce, amma ta samo mata ɗan ƙaramin kofi na ruwa ta ce ta riƙa tsoma goran a ciki. Daren wasan kuma ta tambaye ta ƙarfe nawa ake shan ruwa, ta jera kiɗe-kiɗen yadda hutun rabin lokaci zai faɗo daidai faɗuwar rana, bakwai da 'yan mintoci. Ina zaune a sahu na huɗu na hango yarinyata a gefen labule da dabino a hannu, da wasu yara biyu 'yan Senegal. Har yau in na tuna sai na yi wa matar nan addu'a.

Goran nan kuma tsada gare shi. Kwali mai goma ba ya kai mu ƙarshen zango.

Malamin lissafi, Houston:
Malam, ka yi haƙuri, bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren. A Texas hukumar gasannin makarantu ta UIL ke shirya gasar kiɗan, galibi tsakanin Maris da Afrilu, kuma ranar da za a tafi rabin ajina babu kowa. Ga jarrabawar AP, ta darussan matakin jami'a da 'yan sakandare ke ɗauka, na jiranmu a farkon Mayu. Yaron da ya kwana atisaye ba ya gane komai da safe, wannan na gani da idona, kuma yana damuna ƙwarai.

Sai dai bara an rasa mai raka yara, na bi su. Alƙalai uku ke sauraro, maki daga 1 zuwa 5, 1 ne ƙololuwa. Daga nan aka shigar da su wani ɗaki, aka raba musu sabon kiɗa, aka ba malaminsu 'yan mintoci ya yi bayani, ba a yarda kowa ya busa kiɗan ba tukuna. Yana ƙirga da baki, yana tafa hannu, yara sittin na bin ramuka da yatsu shiru. Da ya ɗaga hannu suka tashi tare. Akwai wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a ajina ba, ranar na ga shi ne ke riƙe da sahun masu ganga gaba ɗaya. Har yanzu ina kan bakata cewa ya kamata a riƙa ba mu jadawalin tun Janairu.

Malamin kiɗa, jihar New York:
Gaskiyarka Yaya, ban musa ba. Laifinmu ne in ba mu sanar da wuri ba. Ni ma ina rasa yara ga masu gudu da masu ƙwallon sanda a watannin nan, yaro ɗaya ake ja ta ko'ina. Hajiya, dabarar kofin nan na ɗauka, na gode.

Tsohuwar ɗaliba, Columbus:
Baba Malam, ni ranar yaye ɗalibai ce ba na mantawa. Kiɗan da Edward Elgar, wani mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya rubuta a 1901, wanda ake shigowa da shi, sai ku yi ta maimaita ɓangare ɗaya har mutum na ƙarshe ya zauna, leɓe ya mutu. Abin da ya fi wuya, 'yan ajin ƙarshe ba sa cikinmu ranar, suna can cikin riguna ana yaye su. Babbar ɗalibar da nake fakewa bayanta a ƙungiyar kiɗa shekara biyu ta wuce ta gabana tana ɗaga min hannu, kujerarta kuma ni aka ɗora a kai. Hannuna na rawa na kalli malaminmu, ya gyaɗa min kai sau ɗaya, na shiga.

Malamin kiɗa, jihar New York:
'Yata, ranar nan ni ma nake fara jin yadda ƙungiyar baɗi za ta kasance. Kafin ita akwai faretin tunawa da sojojin da suka rasu, Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu, inda muke fita kamar 'yan badujala. Wanduna goma sha huɗu sun yi wa yarana tsawo, mai taimaka min da ɗinki kuma ta ƙaura. Hajiya, in a cikin matan unguwarku akwai mai keken ɗinki, ni zan kawo kayan da kaina ranar Lahadi.