Jirgin Exodus: da gaske Ingila take ko rufa ido ne?

Baban Hafsa: Jama'a, wani ya ce Ingila ba ta taɓa hana Yahudawa shiga Falasɗinu ta ɓarauniyar hanya lokacin da take mulkin ƙasar ba, duk rufa ido ne. Ni dai na yarda. Wanda ya yi Alƙawarin Balfour a 1917, na goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, ne zai tare ƙofa?

Malama Uwani: Baban Hafsa, a yi adalci. Bayan boren Larabawa na 1936 zuwa 1939, Ingila ta ƙayyade Yahudawa 75,000 ne za su shiga cikin shekara biyar, ta ce bayan haka sai da yardar Larabawa. Daga Agustan 1946 ta riƙa tsare waɗanda ta kama a teku a tsibirin Kubrus, sun haura 50,000. Wannan ba wasa ba ne.

Ɗan Autan Gida: To Malama, ta ina jiragen ke tasowa? Ba a gani?

Malama Uwani: Nan gizo ke saƙar, ƙanena. Yawancin tashoshin na Faransa da Italiya ne, Ingila ba ta da iko a kansu sai roƙo. Ministan harkokin wajenta Ernest Bevin ya matsa wa Faransa lamba, amma jirgin ruwan Exodus ya tashi daga tashar Sète ta Faransa a Yulin 1947 da mutum wajen 4,500, akasarinsu waɗanda suka tsira daga kisan 'yan Nazi. Sojan ruwan Ingila suka auka masa, mutum uku suka rasu. Da aka mayar da su tashar Port-de-Bouc ta Faransa, Faransa ta ce ba za ta sauke kowa da ƙarfi ba. Ƙarshe aka kai su Hambug, Jamus ɗin da suka gudo. Wallahi wannan wurin yana taɓa min zuciya.

Baban Hafsa: Ni ma, Malama. Amma Bafalasɗinen da za a zauna a gonarsa, wa ya tambaye shi? Landan da Faris na ta aika wa juna takardu, mai ƙasa na gefe.

Alhaji Kawu: Kun manta Amurka. Shugaba Truman ya nemi a shigar da 100,000 tun 1945, ita kuwa Ingila bashin Amurka ya yi mata katutu. Yaya za ta ɗaga murya?

Malama Uwani: Gaskiya ne, Kawu. Ingila ta so ta hana, abokanta suka ƙi kama mata. Tun Fabrairun 1947 ta ce za ta miƙa batun ga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Baban Hafsa: Na janye "rufa ido". Alhakin 1917 kam, yana wuyanta.