An ba ni riƙon allo a fim ɗina na farko, me ya kamata in sani?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum, manyanmu a wannan sana'a. Na shafe shekara biyu ina ɗaukar gajerun bidiyoyi ni kaɗai, ni ne mai kyamara kuma ni ne mai tacewa, sai ga shi yanzu an ɗauke ni mataimaki na biyu a sashen kyamara, a wani fim da za a yi mako uku ana ɗauka. An ce allo, wato wanda ake bugawa a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, da batura da katunan ajiya duk suna hannuna. Burina in zama mai ɗaukar hoto, shi ya sa nake jin kamar an mayar da ni baya. Me ake so in sani kafin ranar farko, kuma anya wannan hanya tana ɓullewa inda na nufa?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Ka fara da sanin amfanin allon, domin wanda ya san dalilinsa ba ya wasa da shi. Hoto yana shiga kyamara, sauti kuma yana shiga wata na'ura dabam, saboda haka mai tacewa yana buƙatar wuri guda da zai haɗa su. A cikin hotuna 24 da kyamara ke ɗauka a kowace daƙiƙa, akwai guda ɗaya da sandunan allon suka haɗu, shi ake ɗorawa a kan ƙarar bugun. Don haka kada ka buga sai mai sauti da mai kyamara sun tabbatar na'urorinsu suna tafiya. Ka faɗi lambar fitowa da lambar ɗauka a fili, ka buga, ka tsayar da allon ɗan lokaci kaɗan, sannan ka fice ta hanyar da ka riga ka duba. Idan allon yana dab da fuskar ɗan wasa, ka buga a hankali. Idan kuwa ba a samu damar bugawa a farko ba, ana bugawa a ƙarshe kafin a tsayar da kyamara, a riƙe allon a kife domin mai tacewa ya gane.

Katunan ajiya su ne abin tsoro. Duk wanda ya fito daga kyamara ka manna masa alama da lambarsa nan take, kuma kada a goge shi sai an kwafe shi a ma'ajiyai biyu dabam-dabam, an kuma buɗe an gani. Na taɓa ganin aikin rabin yini ya salwanta saboda katuna biyu sun haɗu a aljihu ɗaya.

Mai Kwantiniti:

Ƙanena, kafin kowace ɗauka ka zo ka tambaye ni, ko duk wanda ke kujerata ta kwantiniti a fim ɗinku, wato mai rubuta bayanin kowace ɗauka domin aiki ya tafi daidai, lambar da za ka rubuta. Idan allo ya ce ɗauka ta 4, littafina ya ce ta 5, mai sauti kuma ya rubuta wani abu, mai tacewa ne zai kwana yana laluben bakin zaren. Ka karanta takardar kiran aiki, wato mai ɗauke da lokaci da wurin aikin gobe, tun da dare, ka iso kafin lokacin da aka rubuta. Kada ka tsaya inda ɗan wasa yake kallo, kada ka taɓa fitila ko wayar wani sashe ko da ta tare maka hanya, kuma idan kana da shawara ka faɗa wa mataimaki na farko a sashen kyamara, ba darakta ba.

Mai Fitilu:

Ba a mayar da kai baya ba, an ajiye ka ne kusa da kyamara, inda ake yanke kowace shawara a kan haske. Ka lura da dalilin da ya sa ake saita ma'aunin launin haske na kyamara a 5600 idan hasken rana ne, a 3200 idan fitilar tangistin ce, ka rubuta tambayoyinka ka yi su lokacin hutu. Sai dai riƙon allo kaɗai ba ya mayar da mutum mai ɗaukar hoto, dole ka ci gaba da ɗaukar naka ƙananan ayyukan, domin su za ka nuna wa furodusa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa maka ba. A watan Fabrairu na 2014, jirgin ƙasa ya kashe Sarah Jones a jihar Jojiya ta Amurka, tana da shekara 27, kuma matsayinta irin naka ne. An kai su ɗauka a kan gadar jirgi ba tare da izini ba, daga baya aka ɗaure daraktan. Bayan rasuwarta ma'aikatan fim a ƙasashe da dama sun riƙa rubuta sunanta a allunansu. Idan aka ce ka tsaya a kan titi, ko rufin gini, ko kusa da bindiga, ka tambayi mataimakin darakta wane ne ya duba wurin, kuma kada ka taka sai ka ji amsa.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Kwantiniti, idan darakta ya ce a sake ɗauka ba tare da an tsayar da kyamara ba, sabuwar lamba zan rubuta?

Mai Kwantiniti:

A'a, muddin kyamara ba ta tsaya ba ɗauka ɗaya ce, ni ce zan rubuta a littafina cewa an maimaita a cikinta.